A ina nauyin aikatau yake sauka a Italiyanci? Ku taimaka min kafin jarrabawa

Ɗan Damagaram, daga Modena:

Assalamu alaikum 'yan'uwa maza da mata. Barkanmu da aiki, barkanmu da sanyi.

Na kawo kukana nan ne don na san akwai waɗanda suka riga ni shan ruwan ƙasar nan. Shekarata biyar ke nan a Italiya, uku daga ciki a yankin Modena. Ina aiki a wani sito na tayil, ni ke tuƙa 'yar motar ɗaga kaya da suke kira muletto, daga shida na safe zuwa biyu na rana. Talata da Alhamis da yamma ina zuwa makarantar manya, CPIA, ina shirin jarrabawar Italiyanci ta matakin A2 da ake nema kafin a ba mutum takardar zama ta dogon lokaci.

Karatu ba ya ba ni wahala sosai. Na yi lakwal a gida, Faransancin da na samu ya buɗe min ƙofar kalmomi da yawa, in aka ba ni takarda in cika ina cikawa. Baki ne matsalar, kuma a kan aikatau ta fi kama ni. Zan riƙa rubuta gaɓar da ake dannawa da manyan haruffa don ku gane abin da nake nufi.

Makonni biyu da suka wuce aka sauke mana wani bancale, katakon nan da ake jera kwalaye a kai, rabin tayil ɗin ciki a farfashe. Abokin aikina dattijo ne mutumin Sisiliya. Ya tsaya yana juya hularsa a hannu, yana tunanin wanda zai je ya sanar da shugaban sashe. Na ce masa kada ya damu, "parlo io", wato ni zan yi maganar. Sai ya ɗago ya ce, "Chi? Quando?" Wa? Yaushe? Na maimaita, ya sake tambaya. Sai a karo na uku ya gane, ya dafa kafaɗata ya ce abin da ya fito daga bakina par-LO ne, ba PAR-lo ba. PAR-lo shi ne "ina magana". Par-LO kuwa, wanda ake rubutawa parlò, "ya yi magana" ne, wani mutum daban a wani lokaci da ya wuce. A garinsu har gobe da wannan sigar suke ba da labari, shi ya sa kunnensa ya tafi can kai tsaye. Na san inda abin ya samo ni. Faransanci a ƙarshe yake sauke nauyi, bakina kuma ya saba da haka tun ina yaro.

Malamarmu ta ce yawancin kalmomin Italiyanci a gaɓa ta biyun ƙarshe suke ɗaukar nauyi. Na riƙe wannan da hannu biyu. Ranar Alhamis ta ba ni karatu a gaban aji, na zo kan jimlar "sono cose che capitano", abubuwa ne da kan faru. Na bi ƙa'ida na ce ca-pi-TA-no. Ta ce a'a, wannan kyaftin ne, na jirgin ruwa ko na ƙwallo. Aikatau ɗin CA-pi-ta-no ne, nauyi can a gaɓa ta huɗu daga ƙarshe. Rubutu iri ɗaya sak, babu wata alama a kai. Ta ƙara da cewa CA-pi-to, ca-PI-to da ca-pi-TO ma kalmomi uku ne daban-daban. Har sunan garin da nake zaune, na daɗe ina cewa mo-DE-na kafin wani mai sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa ya gyara min, MO-de-na.

Sai kuma rarraba gaɓoɓi. Ta ba mu aikatau goma mu yanka. Na rubuta par-lo da sen-to, ta ce daidai. Na rubuta ca-pis-co da as-pet-to, ta ja musu jan layi, ta mayar da su ca-pi-sco da a-spet-to. Ni kuwa wallahi da kunnena ina jin s ɗin nan a jikin gaɓar baya take. Mu ashirin da wani abu ne a ajin, lokaci bai kai in tsare ta da tambaya ba.

To 'yan'uwa, akwai hanyar da mutum zai bi ya san inda nauyin yake tun kafin ya buɗe baki, ko kuwa kowace kalma sai an haddace ta ita kaɗai? Kuma me ya sa r da n suke zama a baya, s take tsallakawa gaba? Saura wata ɗaya da 'yan kwanaki a yi jarrabawar. Allah ya saka wa duk wanda ya amsa da alheri.

Tsohon Napoli:

Wa alaikumus salam ɗana. Matambayi ba ya ɓata. Ni ban yi boko ba, daga zangon Kumasi na taso, allo kawai na riƙa. Na fi shekara ashirin a nan kudu, na yi gonar tumatir, na yi leburanci wajen magina, yanzu ina da ɗan tebur a kasuwa. Ƙa'idar littafi zan bar wa masu ilimi. Abin da ya fisshe ni zan gaya maka.

Shadda. Harshen mutanen nan cike yake da shadda, kuma mu Hausawa mun fi baƙi da yawa sa'a a nan, domin muna da ita a bakinmu. Wa zai haɗa maka baba da babba? Ko daba da dabba, ko mana da manna? To haka nasu yake. Sono, "ni ne" ko "su ne". Sonno, barci. Beve, yana sha. Bevve, ya sha tun tuni. Wanda ya fi cutar da ma'aikaci shi ne na "mu". In mai aiki ya tambaye ku za ku zo ranar Asabar, kuka ce verremo da m ɗaya, kun yi alkawari, za ku zo. Kuka ce verremmo da shadda, cewa kuka yi "da mun zo", yana jiran ya ji abin da ya hana ku. Haka faremo da faremmo, saremo da saremmo, finiremo da finiremmo. Na ga an yi cacar baki a wurin gini a kan wannan m ɗin guda.

Lokacin da na zo, na sayi ɗan littafi mai baƙin bango da ke shiga aljihun riga. Duk kalmar da na ji sai in rubuta ta da ajami yadda kunnena ya kama ta. Inda suka nanata baƙi in ɗora shadda. Inda suka ja wasali in sa alif ko waw ko ya. Parlare na rubuta da alif bayan lam, domin haka suke faɗa, sai sun ja "laa" ɗin. Fatto kuwa babu ja ko kaɗan, shadda ce a kan ta. Rubutunsu na boko bai nuna min inda ake ja ba, ajamina ya nuna min. Littafin yana nan a akwatina, gefensa duk ya cinye da gumi.

Abu biyu zan ja maka kunne a kai. Kada ka furta h ɗinsu. Ho, hai, ha, hanno, duk h ɗin kurma ce. Yaranmu da yawa suna cewa hanno kamar za su ce hannu, alhali "anno" kawai ake faɗa, daidai da kalmarsu ta shekara. Na biyu, kada ka ɗauki Italiyancin titi ka shiga da shi ɗakin jarrabawa. A nan Napoli suna haɗiye ƙarshen kalma, andiamo ma jamme suke cewa, kuma suna sa shadda inda babu ita a rubuce, subito ya koma subbito. Ni bakina ya riga ya bushe a haka. Kai da sauran danshi a naka, ka bi malamarka.

Malama tafinta, daga Perugia:

Wa alaikumus salam ƙanena. Baba, Allah ya ƙara girma, wannan dabara ta ajami ta burge ni ƙwarai, kuma akwai ilimi a ƙarƙashinta da zan dawo kansa.

Ni Hausa na karanta a jami'a a Kano kafin aure ya kawo ni nan, na yi Italiyanci a jami'ar baƙi ta Perugia, yanzu ina tafinta a asibiti. Tambayarka ta farko tana da amsa mai daɗi: a aikatau, nauyi ba ya yawo yadda ya ga dama. Ƙa'idar "gaɓa ta biyun ƙarshe" da ka riƙe gaskiya ce ga yawancin kalmomi, amma a aikatau ka ajiye ƙirga daga ƙarshe. Ka tambayi kanka abu ɗaya: nauyin a kan saiwa yake, wato tushen kalmar, ko a kan ɗafa-ƙeya, wato ƙarshen da ke canzawa?

Ɗauki lokacin yanzu. Mutane shida ne: io (ni), tu (kai), lui (shi), noi (mu), voi (ku), loro (su). Huɗu daga ciki, wato io, tu, lui da loro, a kan saiwa suke danna murya, kuma a gaɓa guda ɗaya tak da ba ta motsi. Noi da voi ne kaɗai ke kai nauyin kan ɗafa-ƙeya. PAR-lo, PAR-li, PAR-la, par-LIA-mo, par-LA-te, PAR-la-no. Ka ga loro? Ba wani sabon abu ba ne, PAR-la ce aka liƙa wa "no" a wutsiya, wutsiyar kuma ba ta da nauyi. Saboda haka in ka san yadda ake faɗin io, ka san loro. CA-pi-to, CA-pi-ta, CA-pi-ta-no. A wurin aikinka kullum kuna lodi da saukewa: CA-ri-co, CA-ri-ca-no, SCA-ri-co, SCA-ri-ca-no. A-bi-to, A-bi-ta-no. Te-LE-fo-no, te-LE-fo-na-no. Wanda ya tafi gaɓa ta huɗu bai karya doka ba, zamansa ya yi inda yake, kalmar ce ta ƙara tsawo a bayansa.

Abin da ya rage shi ne sanin io ɗin kansa, domin akwai la-VO-ro, cu-CI-no, cam-MI-no, im-PA-ro a gefe guda, akwai kuma A-bi-to, OR-di-no, VI-si-to, di-MEN-ti-co a ɗaya gefen. Nan kam sai kunne da ƙamus. Amma sau da yawa sunan da ya fito daga saiwa ɗaya yakan tona asiri: il la-VO-ro, la cu-CI-na, il te-LE-fo-no, l'OR-di-ne, la VI-si-ta, il CA-ri-co. Sunan da ka riga ka sani daga bakin mutane, shi zai kai ka wurin.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni sha'awa a harshen nan, wanda ban gane ba sai da na shekara biyu ina fama. Yawancin aikatau da ake ce mana "marasa bin ƙa'ida", nauyin nan ne yake juya su. Dubi uscire: E-sco, E-sci, E-sce, u-SCIA-mo, u-SCI-te, E-sco-no. Inda nauyi ya hau saiwa, e. Inda ya sauka, u. Dovere: DE-vo, DE-vi, DE-ve, DE-vo-no, amma dob-BIA-mo, do-VE-te. Andare: VA-do, vai, va, VAN-no, amma an-DIA-mo, an-DA-te. Sedere: SIE-do, amma se-DIA-mo. Haka "isc" ɗin capire da finire, a waɗannan huɗun kawai take fitowa, ita ce kuma ke ɗauke nauyin: fi-NI-sco, fi-NI-sci, fi-NI-sce, fi-NI-sco-no, sannan fi-NIA-mo, fi-NI-te babu ita. Ranar da na ga wannan tsari a kan takarda, hadda ta ragu min da rabi.

Sauran lokuta a gurguje. Na "ya kasance yana yi": par-LA-vo, par-LA-va, par-LA-va-no, amma par-la-VA-mo, par-la-VA-te, tsari ɗaya ne. Lokaci mai zuwa shi ne ke da sauƙi ga mai Faransanci, don io da lui a ƙarshe suke, kuma ana rubuta alamar: parlerò, parlerà. Ka dai lura loro ɗinsa par-le-RAN-no ne, shadda ta riƙe nauyin. Doka ce a rubuta alama in nauyi ya faɗa kan wasalin ƙarshe na kalma mai gaɓa biyu ko fiye. Ma'ana, in ba ka ga alama a ƙarshen irin wannan kalma ba, kada ka danna ƙarshen. Wannan kaɗai zai kashe maka matsalar parlo.

Komawa ga ajamin Baba. Mu Hausawa muna da karin sauti da tsawon wasali, ba ma rubuta ko ɗaya. "Ya tafi" na labari da "ya tafi" na umurni rubutunsu ɗaya, gari na zama da gari na tuwo haka, amma ba mu taɓa ruɗewa. Kuskuren da muke yi a Italiyanci shi ne mu ɗauka nauyi ɗaga murya ne kawai. Ja ne ya fi yawa a ciki. Gaɓa mai nauyi in buɗaɗɗiya ce, wato mai ƙarewa da wasali, ba kuma ta ƙarshe ba, wasalinta yana tsawo: par-laa-re, ve-dee-re, faa-to. In rufaffiya ce, wato mai ƙarewa da baƙi, wasalin gajere ne: fat-to, par-lo. Daidai da namu, inda wasalin ƙarshen gida yake da tsawo amma da ka ce gidan sai ya gajarce. Alif ɗin da Baba ya sa bayan lam, wurin nauyin ya kama.

Tambayarka ta biyu. Dokar rubutu ita ce: baƙaƙen da za su iya fara kalma a Italiyanci ba a raba su, tare suke tafiya gaɓar gaba. Akwai kalmomi masu farawa da sc, sp, st, pr, tr, str: scala, sposa, stare, prendere, strada. Shi ya sa ca-pi-sco, a-spet-to, re-sta-re, a-pri-re, co-stru-i-re. Babu kalmar Italiyanci ta asali mai farawa da rl ko nt ko mp, don haka dole a raba: par-lo, sen-to, com-pro. Tagwayen baƙi kullum ana raba su, ɗaya baya ɗaya gaba: fat-to, leg-go, ver-rem-mo. Gn da gli da sc kafin e ko i kuwa sauti ɗaya ne da aka rubuta da haruffa da yawa, ba a tsaga su: in-se-gna-re, vo-glio, co-no-sce-re.

Kuma kunnenka bai yi maka ƙarya ba. Masana furuci da yawa suna ganin a baki s ɗin tana jingine da gaɓar baya, hujjarsu kuwa wasalin da ke gabanta ba ya tsawo, kamar dai a rufaffiyar gaɓa. Malamarka dokar rubutu ta koya maka, wadda ake bi in za a yanke kalma a ƙarshen layi. Ka rubuta ca-pi-sco, ka ci gaba da furtawa yadda kake ji.

Ɗan Damagaram, daga Modena:

Baba, Allah ya ja kwana, ya ƙara lafiya. Yaya Malama, ban san da wane baki zan gode miki ba. Daren jiya bayan isha'i na zauna da littafin aji, na ɗauki aikatau talatin, na rubuta kowanne layi biyu, tilo a hagu jam'i a dama, na zagaye huɗun da kika faɗa da jan biro. Uscire da na yi wata biyu ina haddacewa ina mantawa, sai ga shi ya zauna da kansa. Venire ne ya tsayar da ni kaɗan, don na ga VIE-ni da VIE-ne amma VEN-go da VEN-go-no babu i. Da na tuna maganar buɗaɗɗiyar gaɓa da rufaffiya sai na ga "ven" a rufe take, "vie" a buɗe. Tenere ma haka ya fito, TEN-go, TIE-ni. In na yi kuskure a gyara min.

Akwai abin da ya rage. Masu ƙarewa da "ere" sun kasu biyu a kunnena: ve-DE-re, sa-PE-re, amma PREN-de-re, SCRI-ve-re. Su ma akwai dabara?

Sannan scrivere ɗin nan kanta. Harshena ba ya son baƙi uku a jere. Da farko "sikiribere" nake cewa, kamar yadda muka mayar da kalmomin Turawa burodi da sukuru. Da na matsa wa kaina sai na koma sa i a gaba, iscrivere, na ji ya fi sauƙi. Yana da laifi? Sai p da f. A Hausarmu ba mu raba su ba, sau biyu na ce pare ina nufin fare. Yanzu ina riƙe 'yar takarda a gaban leɓe ina gwadawa a ɗaki, in na haɗe leɓe biyu p, in haƙori ya taɓa leɓe f.

'Yar Zango, daga Bergamo:

Salamu alaikum Kawu. A nan aka haife ni, Hausa a gida na koya wurin iyayena, a yi haƙuri da rubutuna. Don Allah ka daina sa i ɗin nan. Iscrivere kalma ce daban, rajista take nufi. In ka ce wa malamarka "devo iscrivere" za ta tambaye ka wa za ka yi wa rajista. Abin da muke yi wa mahaifina shi ne ya fara da dogon s kamar mai korar kaji, sss, sannan ya ce "crivere". Bayan kwanaki s ɗin ta gajarce da kanta.

Ina so in ƙara abu ɗaya kan maganar Anti Malama. Ƙananan kalmomin da ake liƙawa a bayan umurni su ma ba sa motsa nauyi. PREN-di, PREN-di-lo. POR-ta, POR-ta-me-lo. Te-LE-fo-na, te-LE-fo-na-mi. Kuma masu gaɓa ɗaya suna jawo shaddar da Baba ya faɗa: dimmi, dammi, fammi, vattene, DAM-me-lo. Gli ce kawai ba a ninka ta a rubutu, digli, dagli. A wurin aiki irin naka waɗannan za ka fi ji daga safe zuwa rana.

A kan shadda kuma, Baba ya yi gaskiya game da kudu, amma a arewa akasin haka ake samu. Mutane da yawa a nan, musamman wajen Veneto, suna sassauta ta har ta kusa ɓacewa. Yaran da muka yi firamare tare, 'yan ƙasa, kuskuren da aka fi ja musu jan biro a kai shi ne le doppie, wato tagwayen baƙi. Ni ban taɓa shan wahalarsu ba, sai yanzu da na karanta maganar Baba na gane dalili.

Malama tafinta, daga Perugia:

Ƙanena, abin da ka gano a venire da tenere daidai ne, ba ka bukatar gyara. 'Yata ta Bergamo ta yi gaskiya kan iscrivere. Amma don ka san bakinka bai yi wani abin kunya ba, Italiyawan da ma sukan sa wannan i ɗin bayan kalma mai ƙarewa da baƙi, ragowarsa yana nan a "per iscritto", wato a rubuce, da za ka gani a takardun ofis.

Masu "ere" kam babu dabarar da za ta ɗauke maka hadda gaba ɗaya. Asalinsu gida biyu ne a Latin, ɗaya mai dogon e ɗaya mai gajere, Italiyanci ya zuba su a rubutu ɗaya. Sauƙin shi ne masu nauyi a ɗafa-ƙeya ba su da yawa, kuma su ne na bakin kowa kullum: avere, sapere, potere, volere, dovere, vedere, tenere, cadere, sedere, piacere, rimanere, parere, valere, temere, tacere, godere. Ka riƙe waɗannan da 'ya'yansu, irin su ottenere da mantenere da suka fito daga tenere. Duk wani sabon "ere" da ka ci karo da shi, ka fara zaton nauyinsa a baya yake: CHIE-de-re, CHIU-de-re, MET-te-re, VI-ve-re, PER-de-re, LEG-ge-re. Wannan na ƙarshe ka kula da shi, don leg-GE-re "marasa nauyi" ne, sifa ta jam'in mace.

Tarko ɗaya da nake gani a asibiti kusan kowane mako, masu ƙarewa da "iare". A mangiare da cominciare i ɗin ba wasali ba ce, alama ce kawai cewa g ɗin j ce, c ɗin kuma irin tamu ce ta "ci". Shi ya sa MAN-gio gaɓa biyu ne, "manjo", kuma i ɗin take ɓacewa a mangerò tunda e ta ɗauke mata aikin. A studiare ana jin ta amma ba ta da nauyi, STU-dio. A inviare kuwa ita ce mai nauyin, in-VI-o, gaɓa uku, in-VI-a-no. In za ka ce wa ma'aikacin ofis za ka aika takarda, wannan za ka yi amfani da shi. Cercare da pagare kuma h suke ɗaukowa don c da g su tsaya a k da g: cerchi, paghi, pagherò. A rubutun jarrabawa nan ne mutanenmu suke yawan zubar da maki.

Ɗan Damagaram, daga Modena:

Na kwafe sha shidan nan a bayan katin aikina, ina duba su lokacin hutun ƙarfe goma. Yau da safe manyan motoci biyu suka shigo tare, dattijon Sisiliya ya tambaye ni me direbobin suke jira, na ce masa "SCA-ri-ca-no dopo", za su sauke daga baya. Ya gyaɗa kai ya wuce, bai ce "chi" ba, bai ce "come" ba.

'Yata, dabarar korar kaji tana aiki a scrivere da studiare, amma sbagliare da svegliarsi har yanzu suna kakare min, don na lura s ɗinsu kamar z take fita. Zan kai wa malama su ranar Alhamis tare da inviare, in roƙe ta ta faɗa min su a hankali in ɗauka a waya. Baba, na sayi ɗan littafi irin naka a kantin taba na kusa da tasha, na fara shafin farko da verremo da verremmo, da ajami.